F.V.V.A.: Fim ɗin Nijar da ya fara da ɗaurin aure, ya ƙare da gidan kaso

Fiye da shekara 50 ke nan da Moustapha Alassane ya fitar da «F.V.V.A.», fim ɗin ban dariya a kan aure, so da kuɗi. An daɗe ana ajiye shi a layin baya duk lokacin da ake lissafa manyan finafinan Nijar. Amma wanda ya san abin da ake kashewa kafin a kai amarya ɗakinta a Maradi, Gazawa ko Gangara zai tarar labarin bai tsufa ba.

Idan ana hirar tarihin silimar Nijar aka zo kan shekarar 1972, suna ɗaya ne ke fara zuwa baki: «Le Wazzou polygame» na Oumarou Ganda. A wannan shekara ce bikin finafinan Afirka na FESPACO, wanda ake yi a Wagadugu, ya fara ba da babbar kyautarsa ta Étalon de Yennenga, kuma fim ɗin Ganda ne ya ɗauke ta. Har gobe ƙasar na alfahari da wannan nasara, ta kuma cancanci a yi alfahari da ita.

Sai dai a cikin wannan shekarar wani fim ɗin ya fito daga hannun mutumin da ya riga Ganda fara shirya fim, wato Moustapha Alassane. Shi ne dogon fim ɗinsa na farko, an kuma yi shi ne da haɗin gwiwar Nijar da Haute-Volta, Burkina Faso ta yau. Littattafan tarihin silima kan ambace shi a layi biyu ko uku, su ce fim ne mai sukar cin hanci, su wuce. Wannan bayanin gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ne kawai.

Haruffa huɗu

Sunan fim ɗin haruffan farko ne na kalmomin Faransanci huɗu: Femme, Villa, Voiture, Argent. Da Hausa ke nan: mace, katafaren gida irin na turawa, mota, kuɗi. Da waɗannan abubuwa huɗu ake auna ko mutum ya isa a biranen wancan zamani.

Labarin na wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne mai suna Ali, wanda ke zamansa cikin jin daɗi a birni. Ana haka sai iyayensa suka aura masa matar da ba shi ya zaɓa ba, kuma ba ya sonta. Daga nan ya tsunduma cikin tseren haruffan nan huɗu. Buri ya yi ta ƙaruwa, albashi kuwa yana nan inda yake. Da aljihu ya gaza, sai Ali ya sa hannu a kuɗin da ba nasa ba. Aka kama shi, aka kai shi gidan kaso. Waɗanda suka kewaye shi lokacin da hannunsa ke da maiƙo duk suka watse. Mutum ɗaya ya rage: matar farko, wadda aka aura masa ba ya so, ita ce ta tsaya tana jiran fitowarsa.

Tun daga sunan, Alassane ya fara zolaya. Ya sa mace a jeri ɗaya da gida da mota, kamar ita ma wani kaya ce da ake mallaka don a nuna wa jama'a. Sannan kuɗi, wanda da shi ake sayen sauran, ya ajiye shi a ƙarshe. Haka Ali ya yi lissafinsa: ya fara daga kan layi, ya tara abin da zai nuna, ya bar tambayar inda kuɗin zai fito sai daga baya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa.

Me ya sa aka raina shi?

Dalili na farko an riga an faɗe shi. Kyautar Wagadugu ta sa hasken 1972 ya koma kan Ganda gaba ɗaya. Fim ɗinsa shi ma a kan aure yake: wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alƙawarinta, abin ya ƙare da zubar da jini. Labari mai hawaye ya fi saurin shiga ran alƙalan gasa fiye da mai sa dariya.

Dalili na biyu shi ne sunan da Alassane kansa ya yi a wani fannin. An haife shi a 1942, ya fara da aikin kanikanci, ya koyi fim a Yamai tare da Bafaranshe Jean Rouch, sannan ya je Kanada inda ya ƙware a fim ɗin zane a wajen Norman McLaren. Duniya ta san shi da zanen kwaɗi na «Bon voyage Sim» da kuma «Le Retour d'un aventurier», labarin samarin ƙauye da suka sa huluna da takalman kaboyi suka hana gari sakat. Duka biyun a 1966 suka fito. Idan aka ce Moustapha Alassane, sai a ce uban fim ɗin zane a Afirka. Wannan kirarin ya danne sauran ayyukansa.

Dalili na uku ya fi zurfi, kuma masu kallon finafinan Kano sun san shi sarai. A can an raba finafinai gida biyu: na soyayya, waɗanda ake ɗauka da daraja, da na barkwanci da ake ce wa camama, waɗanda ake yi wa kallon aikin wasa. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya shafe shekaru yana sa miliyoyin mutane dariya a Najeriya da Nijar, amma sai bayan ransa mutane da yawa suka yarda cewa cikin wasansa akwai karatun zaman duniya. Wannan rainin ba a Kano kaɗai yake ba. Manazarta silimar Afirka na shekarun 1970 sun fi neman finafinan gwagwarmaya da mulkin mallaka. Fim ɗin da ke dariyar ɗan boko da matansa da bashinsa sai suka ga kamar ƙaramin abu ne.

Soyayyar da aka juya ta baya

Fim ɗin soyayya mai ban dariya yana da tsarin da kowa ya sani, ko na Amurka ne, ko na Indiya, ko na Kano. Saurayi da budurwa su haɗu, a sami abin da ya shiga tsakaninsu, a yi ta rashin fahimta ana dariya, a ƙarshe a ɗaura aure kowa ya tashi yana murna. Aure shi ne ladan da ake ba masoya, kuma da zarar an shafa fatiha sai a rufe labari.

Alassane ya ɗauki wannan tsarin ya kifa shi. A wajensa aure ne ya zo da farko, so ya zo a ƙarshe. Mutum biyu da ba su zaɓi juna ba aka haɗa a ɗaki ɗaya, sauran labarin kuwa doguwar hanya ce da mijin ya bi kafin ya ga wadda take gabansa tun ranar farko. Abin da ya shiga tsakaninsu yana cikin kan Ali ne: hoton irin rayuwar da yake ganin ta dace da ma'aikacin birni. Sai da gidan da motar da kuɗin suka zube ɗaya bayan ɗaya, harafin farko kawai ya rage, sannan ta bayyana cewa wannan harafin mutum ne mai zuciya da alƙawari.

Ga jama'ar da yawancin iyayensu da kakanninsu a ɗakin aure suka fara sanin juna, wannan tsarin ya fi kusa da gaskiya fiye da na Indiya. Tambayar da ke gaban dubban ma'aurata a ƙasar Hausa ita ce yadda za su zauna bayan an ɗaura. Finafinai kaɗan ne suka tsaya a kan wannan tambaya da dariya, ba tare da wa'azi ba.

Wani abin lura kuma shi ne wanda aka yi wa auren dole. A littattafan soyayya na Kano da finafinan da suka biyo bayansu tun daga shekarun 1990, yarinya ce galibi ake tilasta wa. A nan namiji ne, ɗan boko mai albashi, wanda ake zaton ya fi ƙarfin a yi masa haka. Alassane ya nuna cewa takardar makaranta da kujerar ofis ba su fitar da mutum daga hannun dangi. Ali yana tsakanin matsi biyu: gida na son ya zama ɗa mai biyayya, birni na son ya zama babban mutum, kuma kowanne da kuɗinsa. Nan ne dariyar take, nan ne kuma tausayin yake.

Ba kwatsam Alassane ya faɗo kan wannan batu ba. Fim ɗinsa na farko, gajere, wanda ya yi a 1962, sunansa «Aouré», kalmar aure ce aka rubuta da ƙa'idar Faransanci, kuma ya nuna yadda ake neman aure da bikinsa a wani ƙauyen Zabarmawa. Shekara goma bayan haka ya dawo kan maganar, wannan karon a birni, bayan kuɗin albashi ya shiga cikinta.

Zamanin da aka yi shi

A 1972 Nijar na da shekara 12 da samun ƴancin kai, Diori Hamani ne shugaban ƙasa. Kujerun da turawa suka bari sun koma hannun ƴan tsirarun da suka yi karatun boko, kuma albashin mutum ɗaya shi ne na dangi gaba ɗaya. Arzikin ƙasa gyaɗa ce, wadda manoman yankunan Maradi da Damagaram ke nomawa, kamfanin gwamnati na SONARA na fitar da ita waje. A Arlit an fara haƙo uranium a 1971, ana ta zancen arzikin da ke tafe. A daidai wannan lokacin fari na cinye karkara, dabbobi na mutuwa, rumbuna babu komai.

A cikin wannan yanayi ne wani ya fito da fim yana dariyar ma'aikacin da ya saci kuɗi don gida da mota. Shekara biyu bayan haka, ranar 15 ga Afrilu 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnati, kuma cikin dalilan da suka bayar har da cin hanci da yadda aka tafiyar da agajin yunwa. Alassane bai yi duba ba. Ya dai kalli abin da ke gabansa ya faɗe shi da wasa, tun ba a fara faɗarsa a rediyo ba.

Masana kan jinjina wa «Xala» na ɗan Senegal Ousmane Sembène a matsayin fim ɗin da ya tona asirin sababbin manyan Afirka ta hanyar labarin aure. «Xala» ya fito a 1975, shekara uku bayan «F.V.V.A.». Bambancinsu shi ne Sembène ya ɗauki hamshaƙin ɗan kasuwa, Alassane kuwa ya ɗauki ƙaramin ma'aikaci, irin wanda kowa ke da shi a danginsa. Shi ya sa nasa ya fi ciwo. Mai kallo ba zai iya cewa wannan halin manya ne can sama ba.

Hukumar HALCIA da aka kafa a 2011 da ta COLDEFF da aka kafa a 2023 duk an kafa su ne don farautar masu irin halin Ali. Abin da fim ɗin ya ƙara a kan aikin hukumomi shi ne ya nuna inda satar ke farawa: a tsakar gida, a wajen biki, a idon maƙwabta.

Fuskokin da ke ciki

Ko don ƴan wasansa kaɗai fim ɗin ya isa a sake kallonsa. Akwai Djingarey Maïga, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin masu shirya fim mafi dagewa a Nijar, ya yi «L'Étoile noire» da jerin finafinan da duk sunayensu ke ɗauke da kalmar baƙi. Akwai Zalika Souley, wadda aka haifa a 1947 ta rasu a 2021, tauraruwar farko ta silimar ƙasar. Sau da yawa matsayin mace marar kirki ake ba ta, jama'a kuma suka kasa raba wasa da gaske, ta sha zagi da tsangwama. Rahmatou Keïta ta ba da labarin rayuwarta a fim ɗin «Al'lèèssi».

Akwai kuma Sotigui Kouyaté, wanda ya taɓa yin suna a ƙwallon ƙafa a Haute-Volta. Finafinan Alassane na cikin inda ya fara fitowa. Daga baya ya yi aiki shekara da shekaru da Baturen Ingila Peter Brook, kuma a 2009 ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Berlin da ke Jamus saboda «London River». Wanda ke son ganin mafarin wannan tafiya, a fim ɗin Nijar na 1972 zai same shi.

Daga Yamai zuwa Gangara

Mai karatu na iya cewa wannan labarin ma'aikatan Yamai ne, ina ruwan manomin Gangara da shi? Gangara ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gazawa, kudancin jihar Maradi, kusa da iyakar Najeriya. Masu albashin gwamnati a can ba su da yawa: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, sai na ofishin magajin gari. Amma haruffan huɗu sun isa can tuntuni, sun dai sake tufafi ne. Mota ta zama babur, katafaren gida ya zama ɗakin siminti mai rufin kwano, aka ƙara da babbar waya. Harafin farko da na ƙarshe kuwa ba su motsa ba.

Bayan kaka, idan an sayar da aya, gyaɗa da wake, sai lokacin bukukuwa ya kama. Saurayi na lissafin kuɗin gaisuwa, sadaki da lefe. Uwar amarya na lissafin kayan ɗaki da gara, kuma ta san matan unguwa za su shiga su ƙirga. Abin da gona ba ta bayar ba, sai a nemo shi a ci-rani: Katsina, Kano, Legas, Agadas, Libiya, ko ramukan zinariya na Djado da suka ja samari tun 2014. Wani ya jinginar da gona, wani ya ci bashin da zai biya shekara biyu bayan an watse daga biki. Ali ya sami akwatin gwamnati a kusa da hannunsa. Saurayin karkara ba shi da akwatin da zai buɗe, sai ya buɗe rumbu ko ya sayar da rayuwarsa a hanyar hamada.

Wannan ba ya nufin kayan aure aibu ne. Masaniyar tarihi ƴar Amurka Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi a 1997 a kan aure a Maradi daga 1900 zuwa 1989, ta nuna cewa kyaututtukan da ake musaya a wajen biki hanya ce ta ƙulla zumunci da tabbatar da darajar amarya da danginta, kuma kayan ɗaki dukiya ce ta mace da take riƙewa a hannunta. Fim ɗin Alassane bai yi faɗa da wannan ba. Abin da ya yi wa dariya shi ne ranar da nunin ya fi ƙarfin mai nunawa, aka manta da mutanen biyu da aka tara jama'a dominsu. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Inda fim ɗin ya gaza

Sake auna fim ba wanke shi ba ne. Babban rauninsa yana a ƙarshensa. Labarin na Ali ne daga farko har ƙarshe: shi ya yi kuskure, shi ya sha wahala, shi aka ba darasi. Matar kuwa ladanta shi ne ta yi haƙuri ta jira. Ita ma ba a tambaye ta ba kafin a kai ta gidan mutumin da ba ya sonta, amma ba nata ciwon ne ginshiƙin labarin ba. Mace mai kallo a yau na da damar tambaya: da ita ce ta shiga kaso, shi zai jira?

Tambayar na da nauyi a ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihar Maradi na cikin inda abin ya fi yawa. A zahiri, nauyin auren da ba a zaɓa ba a kan yarinya ya fi sauka. Fim ɗin da ya mai da haƙurin mace maganin wautar namiji zai iya zama hujja a bakin masu cewa ki zauna, wata rana zai gane.

Duk da haka, ana iya karanta ƙarshen ta wata fuska. A cikin duk mutanen da suka kewaye Ali, ita kaɗai ce ba ta auna shi da haruffan huɗu ba. Wadda birni ya raina ita ce ta fi kowa sanin darajar mutum. Fim ɗin da zai sa miji da mata su tashi daga kallo suna gardama a kan wannan ya yi aikinsa.

Wa zai gan shi?

Matsalar da ta fi duka ita ce yawancin ƴan Nijar ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Tsofaffin gidajen silima na birane sun rufe. Moustapha Alassane, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zaune a Tawa, ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2007 Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a bikin Cannes, a 2017 kuma gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya shirya nunin ayyukansa. Ɗalibin silima a Amurka ko Faransa ya fi ɗan Gazawa ko Gidan Rumji damar kallon fim ɗin da aka yi a kan iyayensa.

Hanyar gyara ba ta da nisa. A Kano akwai masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, kuma cikin ƴan kwanaki aikinsu ke isa wayoyin samari a kasuwannin jihar Maradi. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta daɗe tana kai majigi ƙauyukan Nijar. Akwai kuma cibiyar kula da harkar fim ta ƙasa, CNCN, wadda za ta iya zama da masu haƙƙin fim ɗin a daidaita. Abin da ake buƙata shi ne kwafi mai kyau, cikakkiyar fassarar Hausa da izini.

Alassane da kansa ya sha ɗaukar injin majigi ya bi ƙauyuka yana nuna wa mutane fim, domin a ganinsa su aka yi wa. Idan aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwar Gangara bayan kaka, lokacin da ake tsakiyar lissafin lefe da kayan ɗaki, ba za a buƙaci mai sharhi ba. Jama'a za su yi dariyar Ali, kowa kuma ya san wanda yake tunawa.